Daƙiƙa Bakwai a Hannun Rariya

Rariya muke ce masa a gidan talabijin ɗinmu, don babu kira, babu saƙo, babu bidiyon 'yan kallo da ke hawa allo sai ya bi ta hannunsa. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujerar nan mai karyayyen hannu, wayoyi huɗu a gabansa da jan maɓalli guda. Ni ke haɗa sauti a gefensa, na san halinsa ciki da bai. Mutumin nan ko gaisuwar ranar haihuwa aka turo sai ya karanta sau biyu, har haushi yake ba ni.

Shirinmu na yamma kai tsaye ne, amma maganar mai kira takan yi daƙiƙa bakwai kafin ta isa gidajen mutane. In wani ya yi zagi ko ya ɗora wa mutum laifi da sunansa, a ɗan tsakanin nan Rariya zai danna. In ta kuɓuce masa, tasha ta sha kotu, shi kuma ya sha sallama. Manaja bai ɓoye masa ba.

Ranar ana maganar jabun magani. Ya ɗaga layi na biyu, sai na ga ya miƙe zaune.

"Baba? Ina wuni. Baba, ba a kama suna fa."

Mahaifinsa ne a layin. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarsa, bayan wata allura da mai kemis ɗin layinsu ya yi mata. Tsohon babu ofishin da bai taka ba, ko'ina a ce ina shaida. Na girgiza wa Rariya kai, kada ya sa shi. Ina! Ya sa shi.

Wallahi tsohon ya iya magana. Ya faɗi yadda hannunta ya kumbura, yadda ta ce a kira mata yara. Can sai ya ja numfashi, ya faɗi sunan mutumin, da na shagonsa.

Yatsan Rariya na kan maɓalli, bai motsa ba. Ina ƙirgawa a zuci, uku, huɗu, gumi na bin wuyansa. A na shida ya danna. Na cike gurbin da kiɗa, mai gabatarwa ta ce layi ya katse.

Nan take wayar aljihunsa ta yi ƙara. Ɗakin ƙarami ne, duk na ji.

"Kai ne ka yanke ni?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon bai ɗaga murya ba. Gara ma a ce faɗa ya yi.

"Ko'ina an kore ni, ban damu ba. Na ɗauka inda ɗanta yake za a bar ni in ƙarasa."

Tsohon ya kashe wayar. Tausayinsu ya kama ni su biyun, na rasa inda zan sa idona. Layi na uku na ta walƙiya, manaja na buga gilashi. Rariya ya goge fuska da hannun riga, ya ɗaga.

"Barka da yamma. Daga ina ake kira?"