Saniyar Sobhan Ta Ci Ciyawa

A garin Mirkadim, kusa da birnin Dhaka, kowa ya san Sobhan Bepari, mutumin da ya saya wa shanu fanka ya bar matarsa Jomila tana fifita da murfin tukunya. Fararen shanunsa ba su san ciyawa ba. Kullum suna turke, sai dafaffen tsakin shinkafa da dusa da tunkuza, ga wanka da sabulu kamar amare. Shi ya sa namansu ke ratse da farin kitse, laushi kamar ayaba.

Tun zamanin ubansa, gidan Haji Nuru na tsohon birnin Dhaka a wurinsu suke sayen saniyar layya, bisa sharaɗi guda: uwar Haji, wadda ko haƙori ɗaya ba ta da shi, ta iya cin naman. Ranar da dasashinta ya gaza, ciniki ya mutu, sunan gidan Bepari ya bi shi.

To, wata shekara Sobhan ya daɗe kwance a asibiti. Yana dawowa ya leƙa turke, sai ga kashin saniyar Haji kore shar! Jomila ko a jikinta. Ta ce shinkafa ta yi tsada, ga ciyawa a bakin kogi kyauta, ita ba za ta dafa wa dabba abin da 'yarsu Shefali da sauran yaran ba su ƙoshi da shi ba. Har kiwo ta riƙa kai ta.

"Uwar Shefali, kin kashe ni. Kitsen zai yi rawaya, tsokar ta zama igiya."

"Baban Shefali, kai ma ganye kake ci, ban kuwa ga inda ka yi tauri ba."

Ya tsare saniyar ya dinga ɗura mata shinkafa, yana tausa mata cinya yana lallashi. Ta murmure, amma ba ta kai ta bara ba. Haji ya latsa ta, ya ɗaga gira, ya saya.

Washegarin Sallah waya ta yi ƙara. Gogan naka ya kasa ɗauka, sai Jomila. Tsohuwar ce da kanta, uwar Haji. Wai ta sha fama, sai da aka ƙara wa naman wuta, amma rabonta da ƙamshin nan tun tana yarinya a ƙauye, kuma baɗi irinta take so.

Yanzu leƙa shagon shayi ka ji Sobhan yana koya wa maza dabararsa ta haɗa ciyawa da shinkafa. Jomila dai ta kwance fankar ta kai ɗakinta.