Idon Inna na Hagu

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a gidanmu na Dandin Mahe wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi. In na je gaida Inna sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In kuwa tana da magana da ni, ƙanwata take kira, ina tsugune a gabanta ina ji, ta ce, "Ki ce ma yayanki shi ci tuwo kahin shi tahi." Ita kuma ƙanwar tawa, don neman tsokana, sai ta juyo ta maimaita mini daki-daki kamar daga wani gari aka aiko ta. Kunyar ɗan fari ce, mutane ma yaba wa Inna suke yi a kanta. Ni dai abin yana cina tun ina yaro, har na zama malamin makaranta a Bodinga na ajiye iyali bai daina ba.

Ƙanwata ce ta fara ganin wani baƙin ɗigo a gefen ƙwayar idon Inna na hagu. Matan gida suka ce tawadar Allah ce, ado ne ma. Daga baya Inna ta riƙa zuba nono yana sauka gefen ƙwarya, saniya ta zo ta hagunta ba ta sani ba sai ta ji numfashinta. Ta ce tana ganin walƙiya alhali ko hadari babu. Da yake idon ba ya ciwo, tsofaffi suka yanke cewa yanar ido ce, ita kuwa yana ba a taɓa ta sai ta nuna. Aka zauna jiran ta nuna, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Duk wannan a bakin ƙanwata nake ji, ni da nake zuwa kowane ƙarshen mako.

Sai da hasken idon ya ɗauke gaba ɗaya na ɗauke su ita da ƙanwata a mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likitan ya ɗiga magani, ya haska, aka ɗauki hoton cikin idon, sannan ya kira ni gefe. Ya ce wannan ba yana ba ce, ciwon daji ne da suke kira melanoma, yana tsirowa daga abin da ke ba ido launinsa na baƙi. Ba kasafai yake kama baƙar fata ba, shi ya sa ba ma saninsa, kuma ba kwalli ya jawo shi ba, ba bakin kowa ba. Da an zo yana ƙarami, in ji shi, da an gwada ƙona shi da hasken na'ura a bar mata idonta. Yanzu ya cika wurin, sai dai a cire idon, kuma abin tsoro shi ne kada ya riga ya tsallaka hanta. Sai ya tambaye ni yaushe na fara ganin ɗigon. Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ya dube ni irin kallon da ake wa wanda ya yar da uwarsa a ƙauye. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga ta inda zan fara yi masa bayani ba.

Inna ta ce atafau ba za a taɓa ta ba. "Da biyu Allah Yab ba ni," ta ce wa ƙanwata, "da biyu za ni koma mai." Sai da aka kira yayan Inna daga ruga, ya zauna da ita tun hantsi har azahar yana nuna mata cewa neman magani ba butulci ba ne, sannan ta yi shiru. Shirun nan muka ɗauka a matsayin yarda.

Bayan aikin aka sauke ta a gidana, saboda Bodinga ta fi kusa da asibiti. Nas ta nuna mana yadda ake wanke gurbin da auduga da dafaffen ruwa a ɗiga magani. Ƙanwata a lokacin ta haihu, tana wankan jego a Mandera. Matata ta ce za ta yi, amma tana ɗaga bandejin jiri ya ɗebe ta, sai da na riƙe ta. Na wanke hannu na ɗauki audugar.

"Ki ce mai shi bari," Inna ta ce wa matata.

"Inna, ni za ni yi," na ce. Ban taɓa mayar mata da magana kai-tsaye ba sai ranar.

Ta runtse lafiyayyen idon gam, ta miƙo fuska. Haka muka riƙa yi kowace safiya, ina wankewa tana runtse. A nan na san fuskar uwata. Na ga tsagar gado a gefen kuncinta da wani tsohon tabo a haɓa, na kuma gane ashe hancin nan da ɗalibai ke yi mini dariyarsa a ɓoye nata ne.

Wurin ya warke, aka sa mata idon roba, ta koma wajen shanunta. Mun ɗauka an gama. Bayan an yanke gero sai ta fara rama, farin idonta na dama ya koma ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura. Likitan ya duba ya ce abin da yake gudu ne ya faru, yanzu sai maganin rage zafi. Na fito na tsaya a inda ake ajiye babura na yi kuka, ban damu da masu kallo ba.

Na dawo da ita gidana. Ba ta iya tashi, don haka ni nake cire idon robar in ɗauraye in mayar. Wata safiya na sunkuya da audugar, sai na ga ba ta runtse ba. Ta kafa mini idon nan guda, tana bin fuskata a hankali tun daga goshi har haɓa.

"Ashe ka yi hurhura," ta ce.

"Na yi, Inna."

"Tun yaushe?"

Na ci gaba da goge gurbin da audugar. Ta jira kaɗan, sannan gajiya ta rinjaye ta, barci ya ɗauke ta. Kafin Juma'a ta zagayo muka kai ta makwancinta. Iyakar hirar da na taɓa yi da mahaifiyata ke nan.