Na Bi Sawun Ɗana Zuwa Filin Besbol a Alƙahira

Tashi daga Kano

Ba a kira assalatu ba muka bar gida. Ƙanena Sabi'u ne ya ja motar, matata Hajiya Umma tana tsaye a bakin ƙofa tana maimaita mini maganar da ta kwana tana yi: "Alhaji, in ka ga abin ba na gaskiya ba ne, ka taho mini da ɗana." A masallacin filin jirgi na yi sallar asuba.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kwari, kuma nakan je Masar sarin kaya. Amma wannan karon ba kaya ne suka tayar da ni ba. Ɗanmu Anas, mai shekara goma sha shida, yana karatun sakandare a can, a hannun ƙanwata Rabi da mijinta Malam Idris. Rabi ce ta kira ni ta ce yaron ya shiga wani wasa da ake kira besbol, ita kuwa wasan kulki take ce masa. Kullum yana bayan wani koci, ba ya dawowa sai magariba, kwanan nan kuma ya fara shiga banɗaki da waya yana magana ƙasa-ƙasa. Mun sha jin labarin yaran da ake ɗauka da sunan wasa, a bi da su ta teku. Shi ya sa na yanki tikiti.

A bakin shiga jirgi jami'in ya juya fasfo ɗina ya ce, "Kasuwanci?" Na ce masa, "Har da shi."

Faisal

Da azahar ta gota muka sauka. Direban tasi ya ce mitarsa ta lalace. Na ce masa ni ma aljihuna ya lalace. Ya yi dariya ya ce, "Yalla ya Hajj," wato mu je Alhaji, ya kunna ta. Muka tsallaka kogin Nilu muka faɗa cunkoson Faisal, unguwar su Rabi, inda benaye suka matse juna, ƙananan motocin haya da suke kira mikrobas suna tsayawa duk inda suka ga dama.

Rabi ta tarbe ni da koshari, wato shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa. Anas ya shigo daga makaranta, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya yi tsawo, kafaɗarsa ta buɗe, amma idonsa bai zauna a nawa ba.

Da na tambaye shi wasan, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce mutum ɗaya ke jifa, ɗaya ya daki ƙwallon da sanda ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu ya dawo gida, shi ne ci ɗaya. In mai sanda ya kuskure sau uku, ya fita. Shi Anas shi ne mai jifa. A farkon shekara kowa lallasa su yake, don safar hannun da ake caɓe ƙwallo ma aro suke yi. Daga baya suka miƙe, suka yi ta ci, har suka shiga gasar makarantun Giza baki ɗaya, kamar gasar jiha a wurinmu. Yanzu saura wasa biyu su ɗauki kofi.

"Wa yake saya muku kayan?" na tambaye shi.

"Kocinmu Kaftin Usman ne yake nemowa, Baba."

"A ina yake samu? Me zai ci a ciki?"

Anas ya dubi Rabi, Rabi ta dubi tukunya.

Ataba

Washegari na shiga mikrobas zuwa kasuwar Ataba. Na duba yadi kaɗan, sannan na nemi wani tsohon abokin cinikina, Bahaushen Sudan mai sayar da mayafai. Na tambaye shi ko ya san Kaftin Usman.

"Ɗan unguwarmu ne, ya zol," in ji shi, yadda mutanen Sudan ke kiran mutum. "Iyayensa daga Sudan suka zo. Yana koyar da motsa jiki a makarantar. Ban san shi da mugun hali ba." Ya ninke wani mayafi. "Sai dai bara yara biyu sun ɓace daga ƙungiyarsa."

"Suka ɓace ina?"

Ya ɗaga hannu ya nuna arewa, wajen teku. Shayin da ya zuba mini a nan na bar shi.

Filin wasa, bayan gari

Ranar wasan kusa da na ƙarshe na ce zan bi su. Makarantar ta ɗauko wata tsohuwar bas, muka cika ta da yara da sanduna da jarkokin ruwa. Yaran sun haɗa ’yan Masar da ’yan Sudan da namu biyu-uku. A nan na fara ganin Kaftin Usman: dogo, baƙi, siriri, da ɗan furfura a gemu. Ya gaishe ni da Hausa mai gardin Larabci, ya ba ni kujerar gaba. Na lura ya san ni tun kafin a gabatar da ni, abin bai yi mini daɗi ba.

Muka bar gari muka bi hanyar hamada. A wani shingen ’yan sanda aka leƙo, aka ga yara da riguna iri ɗaya, aka ce, "Tamam," wato ba matsala, muka wuce. Filin na wata makarantar masu hali ne, ciyawa kore shar, da shingen waya kewaye.

Ban fahimci rabin abin da ake yi ba, amma na fahimci ɗana. In ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallon, sai ka ji ta faɗa safar mai caɓewa, tas! Yara uku a jere suka kaɗa sanda a iska suka koma suka zauna. Na sami kaina a tsaye ina ihu.

Can na hango wani mutum a jikin shingen, farin mutum mai ƙiba da baƙin tabarau, ya ɗaga waya yana ɗaukar Anas shi kaɗai. Kaftin ma ya gan shi. Nan take ya ɗaga hannu ya fitar da Anas, ya sa wani yaro. Anas ya jefar da hularsa ƙasa. Ni kuwa na ce a raina: na san wannan. In mai saye ya ƙyalla ido ya ga kaya, sai ka mayar da su ƙasan teburi don farashi ya tashi.

Da ƙyar suka ci wasan, biyar da huɗu. Yara suna ta tsalle, ni idona na kan Kaftin. Ya zagaya bayan bas shi da mai tabarau, suna magana da zafi, hannu na tashi. Ciniki ne ko faɗa, daga nesa duk kama ɗaya suke yi.

Ina shirin hawa mota sai mai tabarau ya tare ni. "Abu Anas? Sannu, sannu," ya ce da Hausar koyo, sauran da Larabci. Sunansa Ustaz Nadir, yana son mu sha gahawa gobe a Zamalek.

Zamalek

Na tafi ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Zamalek tsibiri ne a tsakiyar kogi, unguwar ofisoshin jakadanci, ga bishiyoyi, ga masu gadi a kowace ƙofa. Ya zaɓi wani wurin shan gahawa mai kallon ruwa, irin wanda ake kawo maka ruwan sha ba ka tambaya ba.

Ya ce Allah ya ba ɗana hannu. Akwai makarantar wasa a Turai da za ta ɗauke shi, ci da sha da karatu. Na ce wace ƙasa, ya ce ana kan zaɓa. Na ce biza fa, ya ce takardu sai an isa, ta Iskandariyya da ke bakin teku za a bi, hanya ce da suka saba. Na ce ina ofishinku, ya ce ana gyara.

Sai ya ƙara da cewa, "Hajiya Umma za ta yi alfahari. Duk Gwammaja za su ji labari."

Sunan matata ke nan, da unguwarmu.

"Wa ya gaya maka waɗannan?"

Ya yi murmushi. "Wanda yake son tafiyar ta yiwu."

Na miƙe ban taɓa gahawar ba. A tasi na yanke shawara: jibi zan tafi da Anas Kano, kofin gasar ya tafi da iyayensa.

Faisal kuma

Bayan la'asar na sami Kaftin a wani teburin mai shayi kusa da makarantar. Ban amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Nawa ya ba ka a kan ɗana?"

Ya ajiye kofinsa. Bai yi fushi ba, kuma rashin fushin ya ƙara mini zargi. Ya ciro waya ya ce, "Anas, zo wurin mai shayi yanzu. Babanka na nan."

Da yaron ya iso, Kaftin ya ce, "Ka gaya masa, ko ni in gaya masa."

Anas ya dubi takalminsa. Sannan ya ce, "Baba, ni na neme shi. Wani ɗan ajinmu ne ya ba ni lambarsa. Ni na tura masa hotunan wasana, ni na gaya masa sunan Umma."

"Kaftin bai haɗa ku ba?"

"Kaftin cewa ya yi in ya sake ganina da shi zai kore ni daga ƙungiya."

"To me ka rasa? Abinci ko sutura?"

"Baba, a nan in na gama makaranta wasan ya ƙare. A Kano ma babu wanda ya san shi. Ni kuma shi na iya."

Kaftin ya ce yaran bara biyu ta hannun irin waɗannan mutane suka tafi. Ɗaya ya taɓa kiran uwarsa daga wani gida a Libiya yana kuka, ɗayan har yau shiru. Shi ya sa ya fitar da Anas jiya, kuma abin da ya gaya wa mutumin a bayan bas shi ne kada ya ƙara zuwa filinsa.

"Me ya hana ka gaya wa ƙanwata tun farko?"

"Na yi wa yaron alkawarin zan rufa masa asiri in ya daina, Alhaji. Ma'alish, ka yi haƙuri. Na ɗauka zan iya ni kaɗai."

Amsar ba ta gamsar da ni ba. Wanda yara biyu suka salwanta a hannunsa bai kamata ya riƙe irin wannan sirri ba. Na faɗa masa haka, ya ce gaskiya ne. Ya roƙe ni abu ɗaya: in bar yaron ya buga wasan ƙarshe, bayan nan in yi yadda na ga dama.

Wasan ƙarshe

Muka sake bin hanyar hamada, wannan karon har da Rabi da Malam Idris da kular dafaffen ƙwai. Abokan karawar ’ya’yan masu filin ne, kayansu sababbi fil.

Ba a jima da farawa ba Ustaz Nadir ya bayyana a jikin shinge da wayarsa. Na tashi na je na tsaya a gabansa, na baza babbar rigata. Ya matsa dama, na matsa dama. Ya matsa hagu, na bi shi. "Ya Hajj, haram alaik," in ji shi, wai ban kyauta ba. Na ce masa ni ma kallo na zo.

Daga nan na kalli wasan. Anas ya riƙe su har zagaye na biyar ba su ci ko ɗaya ba, namu suna da biyu. Sai hannunsa ya fara gajiya. Wani ƙaton yaro ya daki ƙwallon ta haye shinge, mutum biyu na kan kusurwa, su uku suka shigo gida. A zagayen ƙarshe namu suka kai mutum kusurwa ta uku, taku kaɗan ya rage a yi kunnen doki. Mai sandarmu ya kaɗa, ya kaɗa, ya sake kaɗawa. Khalas, an gama. Uku da biyu.

Da na waiwaya, babu mai tabarau. Tun da aka haye da ƙwallon nan ya shiga motarsa.

Anas ya zauna a ciyawa ya rufe fuska da safarsa. Kaftin ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana dafa kansu. Da na isa wurin ɗana, abin da ya fara yi shi ne duban shingen.

"Ya tafi?"

"Tun kafin a gama."

Ban sani ba ko kunya ce ta kama shi, ko takaicin damar da yake ganin ta wuce.

A bas muka yi magana, ni da Malam Idris da Kaftin. Saura shekara ɗaya Anas ya gama. In na tafi da shi da ƙarfi, yaron da ya nemo hanya daga Faisal zai nemo ta daga Kano, can kuma ta hamada ake bi. Muka tsaya a kan zai zauna. Malam zai riƙa kai shi atisaye da kansa, Kaftin kuma zai kira ni duk Juma'a. Malam ya ce zai kai maganar mutumin ga hukumar makarantar da ofishin jakadancinmu.

Gida

Na yi sarin da ya sawwaƙa a Ataba, na kamo hanya. Anas ya raka ni filin jirgi, ya ɗaukar mini jaka, ya ce in gaida Umma. Da yamma muka sauka Kano, Sabi'u na jira.

Hajiya ta leƙa bayana kafin ta yi mini sannu da zuwa.

"Ka baro shi?"

"Na baro shi."

Na zauna na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba.

"To yanzu ka yarda da kocin?"

"Ban gama yarda da shi ba," na ce. "Amma a yau na fi yarda da shi a kan ɗanmu."

Sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kira mini shi. Ni zan yi masa magana."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Rabi da ta ga abin da ba ta gane ba ta yi magana, da Malam Idris da ya ɗauki nauyin da ba a ɗora masa ba. Wanda duk ya karanta wannan, ya sa mana Anas a addu'a, da yaran nan biyu da iyayensu ke jira.