Jar Motar Hajiya Indo

Hajiya Indo ba ta taɓa neman mota ba. Mai man gyaɗa ce a Tsafe, sana'ar da ta tashi ta tarar a ɗakin uwarta, kuma shekara da shekaru motar haya take shiga da jarkokinta zuwa kasuwar Gusau. Sai ƙanenta Adamu, direban tirela, ya rasu bai bar iyali ba. Da aka zo rabon gado, maza suka ɗauki gonarsa ta Bungudu, suka bar mata wata jar mota mai ƙofa biyu da ya taho da ita daga Kwatano, irin wadda Turawa ke tsere da ita. Cikinta kusan yana jan ƙasa, ba wanda ya ga inda zai ɗora mata buhun taki. Agogonta mai ƙirga tafiya kuwa ya gaji ya tsaya tun kafin ta shigo ƙasar nan.

Dillalai suka zo, suka zagaya ta, suka tafi. Hajiya ta ce tunda haka ne za ta koya. Ta haura hamsin lokacin da ta fara riƙe sitiyari a filin makarantar firamare. Ta sa aka cire kujerar gefen direba, jarkoki suka samu wuri. Tafiyarta a hankali ce, har 'yan kabu-kabu kan wuce ta suna gaishe ta a tsanake.

Da wata damina motar ta fara tari. In tana tsaye sai ta riƙa karkarwa har jarkoki su yi ta gware, salansa na warin ɗanyen fetur. In aka taka ta, sai ta yi kamar za ta tafi, ta fasa, sannan ta tafi. Wata safiya ta yi mata haka a tsakiyar daji, a inda ba mai son tsayawa. Hajiya ba ta ɗaga ƙafa ba, ta yi ta salati har motar ta rarrafa da ita Damba, garejin Lukuman, bakaniken da ke duba ta tun Adamu na da rai.

Ta same shi zaune a benci, hannunsa na dama ɗaure da karan ɗori. Babur ya kayar da shi. Ya saurari injin daga inda yake, ya ce ta dawo in hannun ya warke. Ta ce motar ba za ta kai gida ba, ita kuma ba za ta kwana a Gusau ba. Ta tuɓe mayafi ta ɗaura a ƙugu, ta tambaye shi inda ake buɗe bonet.

Ya yi mata bayani. Injin silinda shida gare shi, kowace da fuloginta, kuma a kan kowane fulogi akwai koyil, wanda ke ba shi wuta. Ɗaya daga cikinsu ya daina aiki. Ya ce ta bar injin a kunne, ta riƙa zare musu waya ɗaya bayan ɗaya. In ta zare ta ji motar ta ƙara rikicewa, wannan lafiyarsa lau, ta mayar.

Ta zare na farko, motar ta kusa mutuwa, ta mayar. Haka na biyu da na uku, inda ƙarfe ya ƙone ta a tsintsiyar hannu, ta dubi wurin ta ci gaba. Da ta zare na huɗu, motar ba ta ko kula ba.

"Ba abin da ya canza," in ji ta.

"To shi ne, Hajiya. Yana wurin, amma ba ya komai."

Ta dubi koyil ɗin, ta ce, "Ashe har cikin inji akwai irinsu."

Don a tabbatar, Lukuman ya sa ta kashe motar, ta musanya shi da na farko. Ciwon ya bi shi can. Ya ba ta shawara a canza duka shidan, tunda sa'anni ne, ba za su daɗe bayansa ba. Ta ce ita ma sa'anninta da yawa sun rasu, ba a ce ta bi su ba. Ta ƙulle mataccen a gefen zani, ta hau kabu-kabu zuwa wajen masu kayan gyara, ta dawo da irinsa na hannu, ɗan Beljiyam. Ta goge fulogin, ta zura sabon, ta ɗaure da sifana.

Da ta tayar, sai da ta sunkuya ta tabbatar injin na aiki, don shirun ya yi yawa.

Bayan ta sauke mai a kasuwa, ta kama hanyar gida, ta taka totur yadda ta saba taka shi lokacin motar ba ta da lafiya. Motar ta zabura, kujera ta manne mata a baya. Ta wuce tirela, ta wuce motocin haya, ta wuce wani ɗan kabu-kabu da ya ɗaga hannu zai gaishe ta. Da ta tsaya a ƙofar gida, ɗiyarta Rahama ta fito tana tambaya ko yau kasuwa ba ta ci ba. Hajiya ta zauna cikin motar, hannu biyu a kan sitiyari. Can ta ce, "Kawunki Adamu ba shi da hankali. Allah shi jiƙan shi."

Sauran koyil ɗin sun mutu kamar yadda Lukuman ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, kafin wata daminar. Kowanne ita ta gano shi, ita ta canza shi, a gindin darbejiyar ƙofar gidanta. Mazan unguwa kan taru su tsaya a kanta suna ba da shawara, ita kuwa sai ta miƙa wa wanda ya fi surutu ƙusa ta ce ya riƙe mata. Lukuman ya warke tuni. Duk lokacin da ta biya ta Damba gaisuwa yakan buɗe bonet ya duba aikin, kuma har yau ƙorafinsa ɗaya ne, wai tana ɗaure ƙusa da ƙarfi fiye da kima.