Kokawar Kaka da Gwiwar Yaya

Ana sallame sallar asuba muka gangara bakin kogi, ko kaji ba su gama sauka ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin tafiyar nan, to ku gyara zama, amma kada wanda ya katse ni, don har yanzu hankalina bai gama dawowa jikina ba.

Ku da ba 'yan garinmu ba ne, bari in fara muku daga tushe. Garinmu yana nan kusa da Auyo. Duk kaka, in an gama yankan gero, akwai wani gari gaba da Baturiya da yake tara kokawa, garuruwan bakin kogi kowa ya kawo nasa ƙartin. Da can in aka ce ga mutanenmu sun iso, fage tsit yake yi. Amma shekarun nan, wallahi abin kunya ne. Mu je da kiɗa, mu dawo da ƙasa a gadon baya. Kuma mutanen nan dai su ne, ba a sake ko ɗaya ba: yayana da sa'o'insa, waɗanda furfura ta fara leƙo musu a gemu.

Abin da ya hana ni barci kafin tafiyar ba kunyar gari ba ce. Gwiwar Yaya ce ta hagu. Tun da damina ya zame a gonar shinkafa, take kumbura tana saɓewa. A waje yana takawa kamar ba komai, amma ni da muke gida ɗaya ina ganin yadda yake cije leɓe in zai yi sujada. Mutum ne mai iyali, kuma da ƙafar nan yake tsayawa a jirgi ya jefa birgin kamun kifi. In ta tafi, abincin gidansa ya tafi.

Jirgi biyu muka ɗauka. 'Yan kokawa, tsofaffi da samarin da ake kai wa kallo, suna na gaba. Mu 'yan rakiya muna na baya tare da sarkin samari da makaɗinmu, wanda ya rungume gangarsa kamar jariri don kada ruwa ya taɓa fatar. Ruwa ya fara janyewa, ya bar laka baƙa a gefe, ga shinkafa ta sunkuya tana jiran lauje. Tsuntsaye kuwa sai ka ce an aiko su gayya, masu gadin shinkafa na ta ihu a kan rumfuna.

Ba mu yi nisa ba aka fara musun da na san za a yi. Akwai wani masunci a cikinmu, bakinsa ba ya hutawa ko yana cin tuwo. Shi ya ce a share tsofaffin nan kaf, a zuba samari. Ko za a yi ta kayar da su, ai suna faɗuwa suna koyo, su kuwa waɗancan suna faɗuwa ne suna tsufa. Dattijon da yake tuƙa mu ya daka masa tsawa. Ya ce lokacin da mutanen nan suke ɗaga sunan gari shi masuncin yana yawo ba wando, kuma samarin da yake taƙama da su ko tsayuwar fage ba su iya ba. Wani kuma ya kawo tasa dabarar: a je ƙasar Bade a samo ƙarti biyu, a ba su gona da wurin zama, shi ke nan sun zama namu. Aka yi masa ca, wai in baƙo ya ci kokawa sunan uban wa za a kira.

Ni dai ina tsakiya. In na ce a sake, an ce na ci amanar ɗan'uwana. In na ce a bar su, na san abin da na sani. Duk sanda na ɗaga kai sai in hango Yaya a jirgin gaba, ya miƙe ƙafar hagu a kan buhun guzuri, yana ba samari dariya.

Da rana ta take muka tsaya a Haɗeja. Muka ɗaure jirage, muka shiga ta ƙofar gari, masu tsaronta suna ta tambayar daga ina, zuwa ina, don kun san hanya ba aminci a zamanin nan. Kasuwa ta cika maƙil. Kifi banda arha kamar a ce ɗauki, amma goro, kai! Kuɗin wurin da za ka ba da a goro ɗaya ya isa ka cika ƙwarya da kifi. Na taya ɗaya, na ji kuɗin, na mayar masa da abinsa da hannu biyu. Fataken Manga sun sauke kanwa da gishiri, suna ta gaishe mu da wushe-wushe, mu ma muna mayar musu, iyakar Barbarcinmu ke nan. Muka sha fura mai yaji wurin wata Bafillatana da ta ƙi ƙara mana nono ko ludayi guda, wai 'yan kokawa ba sa ƙoshi.

A nan ne, gindin wata tsamiya, na kasa riƙe abin. Na ja sarkin samari gefe na faɗa masa zancen gwiwar. Sai ya kira makaɗi da dattijon jirgi.

To ga yadda abin yake a wurinmu. Ba a taɓa duban idon ɗan kokawa a ce masa ka tsufa, ka zauna. Ba a yi. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da in an buga shi kowa ya san da wa ake. In aka buga takenka a fage, ko zazzaɓi kake yi sai ka miƙe, don zama bayan take ya fi kaye muni. In kuma aka ga lokacin mutum ya wuce, sai makaɗi ya tsallake takensa. Shi ke nan, ya gane, ba wanda ya yi magana, ba wanda ya ji kunyar wani. Shawarar da aka yanke ke nan: a wannan karon za a tsallake taken tsofaffin duka, a zuba samari, don kada a ce Yaya kaɗai aka ware. Makaɗi ya ce shi hannunsa ya saba, yana tsoron kada ya buga bai sani ba. Sarkin samari ya ce to ya sanar da hannun.

Daga Haɗeja zuwa gaba kogin ya rarrabu, nan hanya, can hanya, ciyawa ta fi mutum tsawo. Wani wurin sai mun sauka mun tura jirgi cikin laka har cinya. Ina kallo Yaya ya diro zai taya turi, na yi wuf na ce, "Yaya, koma ciki, ai mun isa." Ya harare ni ya ce, "Yaushe ka fara ba ni umarni?" Ya sa kafaɗa ya tura. Kowane taku da ya yi a lakar nan, a ƙirjina nake jinsa.

Mun yada zango wurin wasu masunta da suka kafa bukkoki a kan tudu. Mutanen kirki, suka cika mu da romon tarwaɗa, sauro kuma ya karɓi nasa rabon a jikinmu. Wajen Baturiya kuwa ban taɓa ganin tsuntsu haka ba. Dinya da kirinjijiya in suka tashi sai rana ta dushe. Dattijon jirgi ya nuna mana inda dorina ta kwanta ta murƙushe ciyawa, masuncin nan mai baki ya yi tsit har muka wuce. Wannan ne kaɗai hutun da kunnenmu ya samu.

Da muka isa garin kokawar, masu masaukinmu sun karɓe mu hannu bibbiyu. Aka kawo burabusko da miyar kifi, aka shimfiɗa tabarmin kaba. Amma duk wanda ya shigo gaisuwa, Yaya yake nema. Tsofaffi suna ta tuna masa shekarar da ya kayar da wane, da shekarar da ya ɗaga wane sama. Ina jin daɗi a lokacin, ban kawo komai a raina ba.

Bayan la'asar aka buɗe fage. Jama'a ta yi da'ira, mata a gefe guda, yara a kan bishiya. Da layi ya zo kanmu, makaɗinmu ya fito, gumi na zuba tun bai fara ba. Ya buga wa samari kiɗan shiga. Na fari ko numfashi bai gama ja ba aka shimfiɗe shi. Na biyu ya ɗan yi tirjiya, shi ma aka nuna masa sama. Akwai wani dogo da ya daɗe har aka fara yi masa tafi, daga baya ya bi 'yan'uwansa. Makaɗi ya zo daidai inda tsofaffi suke zaune, ya sunkuyar da kai, ya wuce.

Na saci kallon Yaya. Ya bi makaɗin da ido, sannan ya dubi ƙasa, ya fara kwance kambun da ke damtsensa a hankali. Tausayi ya kama ni, amma a ƙasan raina hamdala nake yi. Na ce an tsira.

Ashe akwai abin da duk muka manta. A garuruwan nan, in baƙo mai suna ya zo fage ba a kira shi ba, abin kunya ne ga masu gari. Tsohon makaɗinsu ya ga an wuce Yaya, ya ɗauka namu ne ya ruɗe. Kuma ya san taken, ya sha jinsa shekara da shekaru. Sai ga shi ya ratso fage da gangarsa, ya durƙusa gaban Yaya, ya saki kiɗan. Don girmamawa ya yi, Allah ya sani.

Inna lillahi! Jama'a ta ɗauki sowa. Na ga tsigar jikin Yaya ta tashi, kafaɗunsa suna rawa. Na riƙe masa hannu na ce, "Yaya, don Allah." Ko jina bai yi ba. Ya mayar da kambun, ya miƙe.

Wanda suka fito masa da shi saurayi ne, wuyansa kamar turmi. Suka zagaya juna, suka sarƙe. Yaron ya gane ƙafar da ake ɓoyewa, ya yi ta kai mata hari. Ni ban san sanda na durƙusa ba, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Can Yaya ya bar shi ya shigo sosai, ya kama ɗamararsa, ya dasa ƙafar hagun nan a ƙasa, ya ɗaga shi cak, ya juya shi ya buga da ƙasa. Fage ya kece. Amma ni da nake kusa na ji wata ƙara kafin sowar, kamar an taka busasshen kara.

Yaya yana tsaye bai motsa ba, ana ta guɗa, ana watsa masa wuri. Na kutsa na shiga ƙarƙashin hammatarsa. Jikinsa ya yi sanyi. Ya ce min a kunne, "Fitar da ni a tsaye." Haka muka fita, yana ɗaga wa mutane hannu, nauyinsa duka a wuyana.

Maɗorin garin ya duba ya ce ba ƙashi ba ne, jijiya ce ta tsinke, kuma wannan ba a ɗora ta. Ya ɗaure da kara da tsumma, ya ce watakila ya taka da sanda, sauran sai abin da Allah ya yi. Tsohon makaɗin ya zo har masauki da hawaye yana neman gafara. Yaya ya ce masa bai yi laifin komai ba.

Dawowa ta fi tafiya wuya, don ruwa muke hawa, sai da gora ake dungurawa. Muka kwantar da Yaya a jirginmu. Da farko kowa ya kame bakinsa. Amma da suka ga ya rufe ido, sai musu ya dawo ƙasa-ƙasa. Dattijo ya ce kun gani, duk tafiyar nan tsoho ne kaɗai ya fitar da mu kunya. Masunci ya ce kun gani, da an daɗe da sake su da yanzu mutumin nan yana kan ƙafarsa. Kowa ya samu hujja a gwiwa ɗaya. Na ce musu wanda ya ƙara tofawa zan tura shi ruwa, kuma da gaske nake.

Labarin nasara ya riga mu isa gida. Mata sun cika bakin kogi suna guɗa, har suka ga an ciccibo shi a kan tabarma. Matarsa ba ta yi kuka a wurin ba, ta dai juya ta yi gaba don ta gyara masa shimfiɗa. Shinkafarsa mu muka yanke masa. Jirginsa yana nan ɗaure, ga lokacin kamun kifi ya kama.

In kun tambaye ni abin da na koyo, shi ne mun yi ta raba mutane a bayan idonsu, wannan a ajiye, wannan a ɗauka, amma a cikinmu ba a samu mai ƙarfin halin da zai zauna da su ya faɗa musu ba. Muka ɗora wa ganga aikin bakinmu, muka manta ba mu kaɗai ke da ganga ba.

Shekaranjiya ina gasa masa ƙafar da ruwan zafi, ya ce, "Ranar nan, makaɗinmu mantawa ya yi, ko ku kuka hana shi?"

Na ce, "Mu ne, Yaya. Ni na faɗa musu zancen gwiwar."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ɗaki ɗaya muka tashi da kai. Da ka faɗa min a gida, ai da ban shiga jirgin ba."

Ruwan ya huce a hannuna, na tashi na je na sake ɗora wani.