Na Je Duba Ɗorawar Inna

Muna idar da sallar asuba muka bar Kumbotso, ni da maƙwabciyata, ko kaji ba su sauko ba. Duk wanda ya san ni ya san ba na son tafiya, ko biki sai an ja ni. Amma sana'ata daddawa ce, kalwa ta yi tsada, ga shi ina da bishiyar ɗorawa a ƙauyenmu bayan Bunkure. Da Inna ta rasu aka raba gado, yayana ya ɗauki gona, ni aka ba ni ɗorawar da ke tsakiyarta. Haka ake yi a wajenmu, ƙasa ta wani, itace na wani. To bara da bara waccan bai aiko min da kalwa ba, sai gaisuwa.

Akori-kura muka samu, an cusa mu tsakanin kwanduna. Muna wuce Kura na kama baki. Tsakiyar rani, amma ko'ina kore shar, ga ruwa yana gudu a magudanar siminti, miƙe sambal kamar an ja zare. Wani dattijo ya ce daga dam ɗin Tiga yake, Turawa ne suka zo da injinansu da kuɗin ƙasashen waje, kuma kada mu ɗauka kyauta ce, jikokinmu za su biya. Na kusa da shi ya ce su biya ɗin, shi dai 'ya'yansa sun daina tafiya cin rani Ikko. Suka yi ta musu har direba ya ce duk wanda ya ƙara magana a nan zai sauka.

A mararraba muka ci waina. Tumatir kuwa ya yi arha har mai shi ke roƙonka. Mata na ta yanka shi suna shanyawa a bakin titi, ƙasa ta yi ja wur.

Gidan Yaya da ƙyar na gane shi: rufin kwano, ga sabon babur a zaure. Matarsa ta kawo shinkafa da miya. Loma ɗaya na yi na ji babu daddawa, ɗan dunƙulen nan na kanti ta saka. Tun daga nan jikina ya ba ni.

Da la'asar ya kai ni gonar. Na duba gabas, na duba yamma, alkama ce shimfiɗe ta fara nuna, babu inuwar da ko akuya za ta fake. Ya ce ruwa ba ya hawa tudu, shi ya sa katafila ta baje wajen, ta tumɓuke duk wani itace.

Na ce, "Yaya, ba wanda ya gaya wa masu aikin ruwan cewa ɗorawar tawa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙasa suka auna, ƙanwata. Ba su tambayi mai itace ba, ni ma ban faɗa ba."

Ban yi faɗa ba. Yaransa sun yi ɓulɓul, ina gani da idona. Sai dai a gindin bishiyar nan Inna ta koya min dakan kalwa.

Washegari da safe wata tsohuwa Bamagujiya, ƙawar Inna, ta zo gaishe ni. Ta ce matan ƙauyen da yawa haka ta same su, ita tata ta tsira ne don ruwan bai kai gonarsu ba. Ta ƙulla min kalwa cikin tafin hannu a bakin zane, ta ce wannan ba ta miya ba ce.

Mun dawo gida da kwando biyu na tumatir da Yaya ya ɗora mana, maƙwabciyata sai murna take. Abin da na gano shi ne, aikin ruwan nan ya kawo alheri, ba ƙarya, amma masu shi daga nesa suka hango mu, sun ga gona, ba su ga mai daddawa ba. Kalwar tsohuwa na shuka ta a bayan ɗakina, na kewaye da ƙaya. An ce sai ta yi shekaru kafin ta yi 'ya'ya. Na riga na gaya wa kowa a gidan nan, da babbar murya, wannan ɗorawar ta 'yata ce.