Na Kai wa Baba Tabon Rana

Birnin Kudu

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da Asuba, na nufi tasha da madubin hangen nesa a jaka. Dingaya za ni, wajen Baba. Shekara shida da suka wuce na tara mutane a ƙofar gidansa, na cika baki zan nuna musu tabo a fuskar rana. Na haska ta a farar takarda, ta fito fes. Aka yi ta dariya, Baba ya shige gida. Abin ya daɗe yana cina. Tabon kan yawaita ya ragu kusan duk shekara goma sha ɗaya, ni kuwa na je lokacin da babu. Bana ya dawo, amma idon Baba ya fara yana.

Shida da kwata muka tashi. A shinge ɗan sanda ya jujjuya madubin.

"Malam, me ake hange da wannan?"

"Rana, Yallaɓai."

"Ita ma sai da na'ura?"

Gwaram

Takwas saura muka sauka. Na sha koko da ƙosai, hankalina na kan hadarin gabas. Ɗan acaɓa ya ce, "Hau kawai, wannan ba na yau ba ne."

Dingaya

Sai sha ɗaya gari ya washe. Wannan karon ban kira kowa ba. Inna na talge, na nuna wa Baba tukunyar: haka fuskar rana take tafasa, mai zafi ya taso, ya huce ya koma ƙasa. Inda tafasar ta toshe, nan tabo yake fitowa.

Na kafa madubin na haska rana a farar takarda, Baba ya sunkuya kan takardar ya daɗe.

"Baƙin ɗigo uku nake gani. Amma kwanan nan ko'ina na duba haka nake gani."

Inna ta ajiye muciya ta leƙo.

"Uku ne, Malam. Ba idonka ba ne."

Baba ya dube ni. "Yaushe zai sake yawa haka?"

"Nan da shekara goma sha ɗaya, in Allah ya kai mu."

Ya ce, "To kar ka naɗe takardar. Je ka kira mini mutanen wancan karon."

Na zaga gari. Biyu daga cikinsu sun rasu, sauran suka zo suka ƙirga.

Ana kiran Magariba na shiga gida a Birnin Kudu. Na gode wa Allah da ya janye hadarin nan, bai sa mun jira wata shekara ba.